Yadda tsofaffin fayafayan kiɗan rock ke dawowa bayan an manta da su

Fayafayan kiɗa masu yawa da aka buga a shekarun 1970, waɗanda suka rasa masaya a zamaninsu har makaɗan suka haƙura suka kama wasu sana'o'i, su ne a yanzu masu tara fayafayai ke rububi a kansu daga Turai zuwa Amurka da Japan. Sai dai kuma wannan farin jini da ya zo a makare ya taso da tambayoyi game da wanda ke cin moriyarsa da kuma inda kayan tarihin za su zauna.

Duk wanda ya saba sauraron gidan rediyo ko kallon telebijin na Jamhuriyar Nijar a shekarun baya zai iya tuna wani kiɗan fiyanon lantarki mai taushi da akan saka tsakanin shiri da shiri. Mutane da yawa sun san sautin ba tare da sanin mai shi ba. Kiɗan na Mamman Sani Abdoulaye ne, wani ma'aikaci da ya yi aiki da hukumar UNESCO, wanda ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Orla ta ƙasar Italiya daga hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda. A shekarar 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kundinsa na farko, inda ya juya wasu waƙoƙin gargajiya na Sahel zuwa sautin lantarki. An yi kaset ɗin ne ƴan ƙalilan, kamar guda ɗari, daga nan kuma sai maganarsa ta kwanta.

Bayan fiye da shekaru talatin wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin fayafayai na Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin adana kaɗe-kaɗe a Yamai. Ya nemi mai kiɗan ya same shi, suka daidaita, a shekarar 2013 kuma aka sake buga kundin a kan faifai da sunan La Musique Électronique du Niger. Ba a daɗe ba Mamman Sani ya fara zuwa Turai yana kiɗa a gaban matasan da ba a ma haife su ba lokacin da ya naɗi kaset ɗin. Labarinsa ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan irinsa, kuma domin a fahimci yadda abin ya faro sai an koma Ingila da Jamus na ƙarshen shekarun 1960.

Wane irin kiɗa ne wannan?

Kafin wannan lokaci waƙar rock gajera ce, minti biyu zuwa uku, wadda aka tsara domin rawa da kuma gidajen rediyo. A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasan makaɗa a Ingila suka fara ganin cewa wannan ma'auni ya yi musu kaɗan. Suka riƙa aro daga kiɗan jazz da kiɗan gargajiyar Turai na manyan ɗakunan taro da kuma kiɗan Indiya, suna tsawaita waƙa ɗaya har ta cinye fuskar faifai guda, wato kimanin minti ashirin. Turawa suka raɗa wa salon suna progressive rock, ma'ana kiɗan rock mai neman wuce inda aka saba tsayawa. Kundin ƙungiyar King Crimson na shekarar 1969 mai suna In the Court of the Crimson King na daga cikin waɗanda ake ɗauka a matsayin mafarin salon, kuma ƙungiyoyi irin su Pink Floyd da Yes da Genesis sun yi suna da dukiya a cikinsa. A shekarar 1972 ƙungiyar Jethro Tull ta fitar da kundin da waƙa ɗaya ce tak a cikinsa daga farko har ƙarshe.

Sababbin na'urori sun taimaka ainun. A wannan zamani ne na'urar haɗa sauti ta lantarki ƙirar Moog da wata mai suna Mellotron, wadda ke kwaikwayon sautin goge da sarewa, suka shigo hannun makaɗa. Ganin kasuwa ta buɗe, manyan kamfanoni suka kafa rassa na musamman domin wannan kiɗa: EMI ya kafa Harvest, Philips kuma ya kafa Vertigo, dukansu a shekarar 1969. Waɗannan rassa sun riƙa ɗaukar ƙungiyoyi barkatai bisa fatan ko ɗaya daga cikinsu za ta yi fice. Akasarinsu ba su yi ba. Ƙungiya takan fitar da kundi ɗaya ko biyu, a buga kwafi kaɗan, in bai sayu ba kamfani ya sallame ta. Da kiɗan punk ya ɓullo a shekarun 1976 da 1977 da gajerun waƙoƙinsa masu zafi, sai aka koma yi wa masu dogayen waƙoƙi kallon tsofaffin yayi, fayafayansu suka koma kwandon gwanjo.

Jamus ta Yamma da neman sabon sauti

A Jamus ta Yamma al'amarin ya ɗauki wata siffa dabam, saboda matasan da aka haifa a lokacin yaƙin duniya na biyu ko jim kaɗan bayansa ba su son gadon al'adun iyayensu da mulkin Nazi ya ɓata, ba su kuma son zama ƴan amshin shatan Amurka da Ingila. A shekarar 1968 aka kafa ƙungiyar Can a birnin Kolon. Biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta, Holger Czukay da Irmin Schmidt, ɗaliban Karlheinz Stockhausen ne, shahararren mai tsara kiɗan lantarki. A shekarar 1970 suka tsinci wani ɗan Japan mai suna Damo Suzuki yana waƙa a bakin titi a birnin Munich, suka gayyace shi, a daren ranar ya hau dandamali tare da su. Yadda suke aiki shi ne su yi ta kiɗa na sa'o'i ba tare da tsari ba, na'ura tana ɗauka, daga baya Czukay ya zauna da reza yana yanka zaren tef yana haɗawa har waƙa ta fito.

Ƙungiyar Faust kuwa kamfanin Polydor ne ya ba ta kuɗi bisa zaton zai samu wasu Beatles na Jamus. Makaɗan suka tare a wata tsohuwar makaranta a ƙauyen Wümme da ke arewacin ƙasar, suka fito da wani kundi a shekarar 1971 wanda ya cika da ƙarar na'urori da guntattakin sautuka, abin da ya sa kamfanin ya raba gari da su bayan kundi na biyu. A birnin Düsseldorf kuma Klaus Dinger da Michael Rother, waɗanda suka fice daga ƙungiyar Kraftwerk, suka kafa Neu! a shekarar 1971. Lokacin da suke aikin kundinsu na biyu kuɗi ya ƙare musu, don haka suka cike ragowar faifan da waƙoƙi biyu da suka riga suka naɗa, suna ƙara musu sauri ko suna rage shi.

Ƴan jaridar Ingila ne suka laƙaba wa wannan kiɗa suna Krautrock, daga wata kalmar zolaya da Ingilishi ke kiran Jamusawa da ita saboda yawan cin kabeji, kuma da yawa daga cikin makaɗan ba su taɓa son sunan ba. Abin lura shi ne a cikin Jamus ɗin kanta mutane ƙalilan ne suka damu da su a wancan lokaci, duk kuwa da cewa mawaƙa irin su David Bowie sun fito fili sun yaba musu.

Jerin sunaye da littafi guda

Hanyar da waɗannan fayafayai suka bi suka tsira daga ɓacewa ta fara ne daga hannun ɗaiɗaikun mutane. A shekarar 1979 wata ƙaramar ƙungiya ta London mai suna Nurse With Wound, ƙarƙashin Steven Stapleton, ta fitar da kundinta na farko kwafi 500 kacal. A jikinsa ta buga jerin sunayen makaɗan da suka yi mata tasiri, wanda bayan an ƙara masa wasu ya kai kusan 300, akasarinsu daga Jamus da Faransa da Italiya da Ingila. Ba bayani, ba sharhi, sunaye ne kawai. Amma jerin ya zama tamkar taswira ga masu tara fayafayai, waɗanda suka shafe shekaru suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya a shagunan gwanjo, wanda ya dace da faifai ya naɗa a kaset ya aika wa abokinsa ta gidan waya, shi ma a aiko masa da wani.

A ɗaya ɓangaren kuma kamfanonin ƙasar Japan sun shiga sake buga fayafayan ƙungiyoyin Italiya da aka manta da su a gida. Zuwan faifan CD a shekarun 1980 ya sauƙaƙa aikin, domin ƙaramin kamfani na iya buga kwafi dubu ɗaya ya sayar ba tare da ya karye ba. A shekarar 1995 mawaƙin Ingila Julian Cope ya wallafa littafin Krautrocksampler, wanda ya ta da sha'awar kiɗan Jamus a zukatan wani sabon rukuni na matasa.

Duk da haka kundaye uku na Neu! sun daɗe ba a sake buga su bisa ƙa'ida ba, saboda rashin jituwa tsakanin Dinger da Rother. Masu satar fasaha suka cike gurbin da jabun fayafayai waɗanda makaɗan ba su samu ko sisi daga cikinsu ba. Sai a shekarar 2001 mawaƙin Jamus Herbert Grönemeyer ya shawo kan mutanen biyu, kamfaninsa na Grönland ya fitar da kundayen. Ita kuwa Can, lokacin da aka sayar da kayan ɗakin naɗe-naɗenta na Weilerswist ga gidan tarihin kiɗan rock da ke garin Gronau, an tarar da tarin tef na sama da sa'o'i talatin, aka tace aka fitar da zaɓaɓɓu a shekarar 2012. A Ingila ma ƙungiyar Comus, wadda kundinta na 1971 bai yi kasuwa ba, ta sake haɗuwa a shekarar 2008 bayan wani mawaƙin ƙasar Sweden, Mikael Åkerfeldt, ya shafe shekaru yana tallata ta. Da ma Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Zambiya da Najeriya

Da masu neman fayafayai suka kusa ƙare abin da ke Turai, sai hankalinsu ya karkata zuwa Turkiyya da Brazil da Afirka. Abin da suka tarar a Zambiya ya ba da mamaki ƙwarai. Bayan samun ƴancin kai a shekarar 1964 ƙasar ta samu kuɗi daga jan ƙarfe, ma'aikatan haƙar ma'adinai na garuruwa irin su Kitwe da Ndola suna da abin sayen faifai da tikitin wasa. Matasa suka rungumi jitar lantarki irin ta Jimi Hendrix suka gauraya ta da kiɗan gida, aka kira salon Zamrock. A tsakiyar shekarun 1970 shugaba Kenneth Kaunda ya ba da umarnin cewa kashi 95 cikin ɗari na kiɗan da za a saka a rediyo ya kasance na ƴan ƙasa. A shekarar 1975 kaɗai aka fitar da kundin Africa na ƙungiyar Amanaz da Lazy Bones!! na ƙungiyar WITCH, waɗanda a yau ake ɗauka a matsayin ginshiƙan salon.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin jan ƙarfe ya faɗi, hare-haren da sojojin Rodeshiya ke kaiwa cikin Zambiya suka sa aka kafa dokar hana fitar dare wadda ta kashe wuraren wasa, sa'an nan a shekarun 1980 cutar ƙanjamau ta yi wa makaɗan ƙasar mummunar ɓarna. Paul Ngozi, jagoran ƙungiyar Ngozi Family, ya rasu a shekarar 1989. Daga cikin waɗanda suka kafa WITCH, mawaƙinsu Emmanuel Chanda, wanda ake kira Jagari saboda kwaikwayon Mick Jagger, shi kaɗai ya rage. Ya yi aikin koyarwa, daga bisani ya koma haƙar duwatsu masu daraja a daji domin ciyar da iyalinsa.

A can yake lokacin da kamfanin Now-Again na birnin Los Angeles, ƙarƙashin Eothen Alapatt, ya fara sake buga fayafayan Zamrock da izinin masu su. A shekarar 2010 ya fitar da ayyukan Rikki Ililonga, ɗaya daga cikin ƙalilan da suka adana tef ɗinsu na asali, a 2012 kuma ya tattara kundayen WITCH. Wani ɗan Italiya mai shirya fina-finai, Gio Arlotta, ya yi fim a kan Jagari wanda aka fara nunawa a shekarar 2019, kuma a 2023 ƙungiyar ta fitar da sabon kundi mai suna Zango, na farko cikin kusan shekaru arba'in. Manyan mawaƙan Amurka ma sun shigo ciki: Travis Scott ya ɗauki wani yanki na waƙar Amanaz a shekarar 2023, Tyler, the Creator kuma ya ɗauki na Ngozi Family a 2024.

A Najeriya irin wannan kiɗa ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, musamman a Legas da garuruwan gabas. Ƙungiyar Ofege ta ɗaliban kwalejin St. Gregory's da ke Legas ta fitar da kundin Try and Love a shekarar 1973, shekarar da ƙungiyar BLO ma ta fitar da nata na farko. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a shekarar 2008, Now-Again kuma ya biyo baya a 2016 tare da taimakon manazarci Uchenna Ikonne. Wanda ya fi jan hankali shi ne William Onyeabor na Enugu, ɗan kasuwar da ya mallaki ɗakin naɗa da injin buga faifai na kansa, ya riƙa yin kiɗa da na'urorin lantarki tsakanin 1977 da 1985, sa'an nan ya bar kiɗa ya duƙufa ga harkar addininsa. Kamfanin Luaka Bop ya shafe shekaru yana lallashinsa kafin ya amince aka fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙinsa a 2013. Har ya rasu a watan Janairun 2017 bai taɓa halartar ko ɗaya daga cikin wasannin da aka shirya domin karrama shi a Turai da Amurka ba.

Aikin ceto tef

Sake buga tsohon kundi aiki ne mai wuya. Da farko sai an gano wanda ke da haƙƙin mallaka, alhali kamfanonin da suka buga fayafayan sun rushe ko an sayar da su sau da dama, makaɗan kuma sun rasu ko sun warwatse. Bayan haka sai a nemi tef na asali, wato wanda aka naɗi kiɗan a kansa tun farko. Wasu nau'o'in tef na shekarun 1970 suna shan danshi su yi danƙo, in aka saka su a na'ura sai fuskar da ke ɗauke da sautin ta ɓare. Injiniyoyi kan gasa su a wani murhu na musamman da zafin da bai wuce maki hamsin da ƴan kai ba na tsawon sa'o'i, abin da ke ba su damar juye sautin a kwamfuta kafin tef ɗin ya sake lalacewa. Inda babu tef, sai a nemi faifan da ya fi lafiya a juye, a bi shi daki-daki ana cire ƙarar ƙarzuwa.

Ko a ƙasashe masu arziki tef ba shi da tabbas. Gobarar da ta tashi a ɗakunan ajiyar kamfanin Universal a jihar Kaliforniya a shekarar 2008 ta ƙone tef na asali masu ɗimbin yawa, kuma sai a 2019 ne jama'a suka san girman asarar. A Somaliya kuwa ma'aikatan gidan rediyon Hargeisa sun binne tef ɗinsu a ƙasa lokacin ruwan bama-bamai na 1988, daga cikinsu ne aka samu wasu waƙoƙin da aka fitar a shekarar 2017.

Wa ke cin moriyar?

Kasuwar faifai ta farfaɗo sosai. Alƙaluman ƙungiyar masana'antar fayafayai ta Amurka sun nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, yayin da na CD ya tsaya a miliyan 33, karo na farko ke nan da hakan ta faru tun 1987. Kwafin asali na wasu kundayen Zambiya da Najeriya kan kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ma fiye. To amma cinikin faifan gwanjo tsakanin mai sayarwa ne da mai saye, makaɗi ba ya samun komai. Haka nan yarjejeniyoyin da matasan makaɗa suka sa wa hannu a shekarun 1970 sau da yawa sun miƙa wa kamfani dukan haƙƙin kiɗan. In aka haɗa da masu buga jabu, sai abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu suka na kuma nuni da cewa ƴan kasuwar waje sun kwashe fayafayai masu yawa daga ɗakunan ajiya da shagunan Legas da Kwatano da Lusaka a kan farashi mai rahusa, ta yadda a yau ya fi sauƙi a samu wasu kundayen Afirka a London ko Tokyo fiye da garuruwan da aka yi su. Sabon bugun ma ana sayar da shi ne da dala ko yuro, farashin da ya fi ƙarfin yawancin masu saurare a gida. Kamfanonin da ke bin ƙa'ida suna mayar da martani da cewa su suna neman makaɗa ko magadansu, su biya su, su rubuta tarihinsu, kuma da ba su yi haka ba da gara da zafi da danshi sun gama da abin da ya rage. Ƙaddarar Jagari da ta Mamman Sani ta nuna cewa akwai gaskiya a wannan magana. Amma ga waɗanda mutuwa ta riga, kamar Paul Ngozi, yabon ya zo ne bayan ba su nan.

Lokaci kuma yana ƙurewa. Klaus Dinger ya rasu a 2008, Holger Czukay a 2017, Damo Suzuki a 2024, kuma duk wanda ya tafi yana tafiya ne da sanin wanda ya kaɗa me, a wane ɗaki, da kuma inda aka ajiye tef. Wannan batu ya shafi gidajen rediyon Afirka ta Yamma, waɗanda a zamanin da babu kamfanonin fayafayai a kusa su ne suka naɗi makaɗan gargajiya da na zamani baki ɗaya. Kundin Mamman Sani ya tsira ne domin wani ya ajiye kaset guda a ɗakin adana kaya na Yamai har wanda zai saurare shi ya zo. Sauran tef ɗin da ke jibge a irin waɗannan ɗakuna suna buƙatar a juye su a kwamfuta, a rubuta sunayen masu su, a kuma fayyace haƙƙin iyalansu tun zaren bai ruɓe ba.